Baƙon Da Ya Manta Baƙunta: Darasi Daga Bauchi

Yau da ku nake, 'yan'uwana mazauna Kurmi: na Agege da Idi-Araba a Ikko, na Sabon Badun, na Shagamu, har da masu kai shanu da albasa Anacha. Dukanmu mun san ɗacin kalmar nan "baƙo". Mun san yadda ake yi mana kuɗin goro idan ɗayanmu ya yi laifi. To, amma akwai tambayar da ba mu cika yi wa kanmu ba: mu da muke kukan ana mayar da mu bare, yaya muke yi da namu wanda ya ƙi bin ayari, ya ce abin da muke yi ba daidai ba ne?

Bari in kai ku Bauchi, don garin nan yana da amsa.

Tun daga tushe, Bauchin Yakubu aikin wanda ake iya kira bare ne. Malam Yakubu, wanda ya kafa birnin a 1809, Bageri ne, alhali kuwa manyan masu tutar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo Fulani ne. Shehu bai dubi asalinsa ba, karatunsa da amanarsa ya duba, ya ba shi tuta. Da an bi son dangi, da tarihin ƙasar Bauchi ya sha bamban.

Shekaru fiye da ɗari bayan haka, wani malamin makaranta na Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya rubuta littafin Shaihu Umar, aka buga shi a 1934. Wanda ya karanta zai tuna da Makau, bafaden da ya aure uwar Umar. Ba sata ya yi ba, ba cin amana ba. Sauran fadawa ne suka ga yana da fada wurin sarki, hassada ta kama su, suka haɗa baki suka ƙulla masa sharri har aka kore shi daga gari. Daga wannan ƙulli ne duk wahalar gidan ta faro: yaro ya faɗa bauta, aka ƙetara hamada da shi, uwa ta bi sawunsa ita ma aka sayar da ita. A ƙarshe Umar ya zauna a Rauta, kusa da Bauchi, baƙo ne amma malami, 'yan gari na zaune a gabansa suna ɗaukar karatu. Ku lura, fadawan nan sun haɗa kai ƙwarai. Ashe haɗin kai ba kullum ne yake zama alheri ba. Ya danganta da abin da aka haɗu a kai.

Wanda ya fi kowa nuna mana wannan da rayuwarsa shi ne Malam Sa'adu Zungur. Ɗan gidan malamai ne a Bauchi, ya sha karatun addini, ya yi Kwalejin Katsina, sannan a 1934 ya zo Babbar Kwalejin Yaba a nan Ikko, lokacin da ɗan Arewa a irin wannan wuri abin kallo ne. Watau ya ɗanɗani irin baƙuntar da muke ciki. Da ya koma gida, a 1943 shi da su Malam Aminu Kano da Ɓalewa suka riƙa zama a Majalisar Taɗi ta Bauchi, ana muhawara a kan mulkin En'e a gaban Turawa da manyan gari. Tambayoyi suka yi zafi, har aka kai ga tambayar abin da ake dubawa wajen yanka wa sarki albashi. Ba a daɗe ba hukuma ta rufe majalisar.

Malam Sa'adu bai yi shiru ba. A 1948 ya dawo Ikko ya zama babban sakataren jam'iyyar NCNC ta Dokta Azikiwe. Wasu a Arewa suka ce ya sayar da kai ga mutanen Kudu. A Kudun ma da ya ga ba a ɗauki damuwar Arewa da muhimmanci ba, ya tattara ya koma gida, ya tsaya tare da 'yan NEPU. A waƙarsa ta Arewa Jamhuriya Ko Mulukiya ya gargaɗi sarakuna su gyara tun kafin zamani ya gyara su. A gida bare, a waje bare. Ya rasu a 1958 bayan doguwar jinya, bai ga mulkin kai ba. Amma maganar da aka rufe majalisa saboda ita, ita ce Ɓalewa ya tashi ya gabatar a Majalisar Arewa a Kaduna a 1950, yana neman a yi wa En'e garambawul. Yau kuwa jami'ar Jihar Bauchi da ke Gadau sunan Sa'adu Zungur take ɗauke da shi. Haka muke: mu ƙi mutum da ransa, mu rubuta sunansa a bango bayan ya mutu.

To, mu dawo zango. Na san abin da wasu dattawa za su ce, kuma ba zan raina shi ba. Za su ce mu tsiraru ne a ƙasar mutane, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Za su tuna mana da Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da kasuwar Shasha ta Badun a 2021, inda aka yi asarar rayuka da dukiya. Gaskiya ne, tun da aka kafa Sabon Badun a 1916, riƙon juna ne ya tsare fataucin goro da shanu a hannunmu: maigida ya saukar da baƙo, dillali ya tsaya masa, a ba da bashin kaya ba takarda ba sa hannu, sai amana kawai.

Amma ai amanar ita ce jarin. Idan dillali ya cinye kuɗin mai shanu aka ce a rufa asiri don "namu ne", wa aka cuta in ba namu ba? Idan yaro ya zo daga gida ya shiga shaye-shaye ko ƙwace, muka ɓoye shi daga hukuma, ranar da ya taɓa ɗan gari ba shi kaɗai za a nema ba, rumfunanmu duka za a bi. Wake ɗaya ke ɓata gari. Idan an tara kuɗin masallaci ko na ƙungiyar kasuwa, wani ya tashi ya ce a karanto lissafi, sai a ce ba shi da kunya, ko a ce ɗan leƙen asirin 'yan gari ne. Wannan fa shi ne ainihin abin da fadawa suka yi wa Makau, shi ne kuma abin da muke kuka ana yi mana.

Ba cewa nake a raina Sarkin Hausawa ko a ɗaga wa dattijo murya ba. Ladabi gadonmu ne. Amma ladabi daban, rufa wa ɓarna asiri daban. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Shawarata uku ce. Shugabannin zango su riƙa karanta lissafin kuɗin jama'a a fili. Mai laifi, ko ɗan wane ne, mu da kanmu mu miƙa shi ga shari'a, don mu sami bakin neman haƙƙi ranar da aka zalunce mu. Wanda kuma ya kawo gyara, a amsa masa da hujja, kada a tambaye shi wane ne ubansa ko yaushe ya zo garin.

Baƙo ya fi kowa sanin zafin a yanke masa hukunci ba a saurare shi ba. Kada mu zama baƙin da suka manta baƙunta. Allah ya tsare mu a inda muke nema, ya mayar da mu gida lafiya. Amin.