Ƙarin Gashi: Abin Da Baƙuwar Salun Za Ta Tarar

Kowace shekara 'yan matan Arewa da yawa sukan sauka Ikko ko Ibadan ko Fatakwal, wasu karatu ya kawo su, wasu bautar ƙasa, wasu kuwa aure. Ba a daɗewa sai ƙawaye su ja su zuwa salun, watau shagon gyaran gashi, wai a yi musu ƙari. Yarinyar da ta tashi ba ta san kome ba sai shuku da zane da kalaba a gaban makitsiyar unguwa, ga tabarma, ga kibiya, ga man shanu, sai ta tsinci kanta a kan kujera gaban madubi, mata uku sun kewaye ta. Akasarinsu sukan shiga ne ba su san abin da za su tarar ba, kunya kuma ta hana su tambaya. To, wannan kunyar ita ce ke jawo hasara.

Da farko dai akwai maganar addini, wadda ba ta ɓoyuwa. Hadisin da ya hana haɗa gashi da wani gashi yana cikin Buhari da Muslim. Malamai sun haɗu a kan haramcin ƙari da gashin ɗan Adam, amma sun saɓa a kan zare da ulu. Malikawa sun tsananta, Hanafawa sun sassauta. Musulma ta warware wannan da malaminta tun tana gida, don kuwa mai salun ba ta ba da fatawa. Sauran bayanin na wadda ta riga ta yanke shawarar zuwa ne, ko wane addini take bi.

Tambayar farko da za a yi mata ita ce, “Anti, wane gashi za a sa miki?” Gashin nan iri biyu ne. Akwai na roba, wanda ake kira atach, irin su Darling da X-Pression da ke cike da kasuwar Balogun a Ikko da ta Sabon Gari a Kano. Mai kyau daga cikinsa da zaren Kanekalon ake yin sa, na kamfanin Kaneka na ƙasar Japan. Sai kuma gashin mutum, mai tsadar gaske. Da yawansa daga Indiya yake fitowa, inda masu ziyarar wurin bautar Tirumala, kusa da Tirupati, ke aske kawunansu don cika alwashi, a tara gashin a yi gwanjonsa. Birnin Xuchang na ƙasar Sin kuwa nan ne babbar matattarar sarrafa shi. Wanda ake yi wa laƙabi da “na Barazil” sau da yawa bai taɓa ganin Barazil ba, suna ne kawai na ciniki. Saboda haka kada sunan ƙasa ya sa ta zazzage jakarta.

A gama ciniki kafin a taɓa kai. Kuɗin gashi daban, kuɗin aiki daban, na wanki da busarwa ma wasu daban suke lissafa shi. Ƙunshi nawa za a ci? Wa zai riƙe ragowar? In ba a yi wannan magana ba, sai an kai rabin kai a ce mata, “Hajiya, gashi ya ƙare, sai an ƙaro biyu.” Mace kuwa da rabin kitso ba ta da bakin ciniki.

Ta kuma shirya wa zama. Ƙananan kitso da atach yakan ci awa huɗu zuwa takwas. Wibon ya fi sauri: a kitse gashinta na asali a kwance, sannan a ɗinka ƙarin a kai da lanƙwasasshiyar allura da zare. Akwai kuma wanda ake liƙawa da gam, shi kam gara a ƙyale shi, domin gam ɗin kan tsinke gashi wajen cirewa, jikin wasu ma ba ya ɗaukarsa. Ta ci abinci kafin ta fita, ta je da kanta a tsefe, a wanke. In da hali ta riƙe matajinta da tawul ɗinta, don makero da sauran cututtukan fatar kai ta mataji suke yawo.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen ja. Masu salun da yawa sun ɗauka ƙwarewa ita ce a ɗaure kitso tamau har girar mace ta ɗaga, su kama 'yan ƙananan gashin goshi waɗanda ko makitsiyar ƙauye takan bar su. In ta yi tsaki sai a ce, “Yi haƙuri, Anti, ado sai da wahala, gobe zai saki.” Wannan magana ba gaskiya ba ce. Likitocin fata sun daɗe da sanin irin sanƙon da ja ke haddasawa. Yakan soma da ƙananan ƙuraje a goshi da gefen kunne, sai gashin wurin ya yi ta ja da baya. In an bari da wuri yakan dawo, amma in aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru sai tushen ya mutu, wurin ya zama tabo, man kaɗanya ko na kanti babu mai tsirar da shi. Duk kitson da ya hana mace barci, ko ya sa ta neman maganin ciwon kai, ya yi tsauri. Tana da iko ta ce a warware layin a sake, tun a layin farko, ba sai an gama ba. Kuɗinta ne, goshinta ne. Mai salun da ta ɓata rai don an ce ta sassauta hannu ba ta cancanci a koma mata ba.

Shi kansa gashin robar abin lura ne. A shekarar 2025 ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka ta gwada iri 10 na atach da ake sayarwa a can, ta sami sinadaran da ake dangantawa da ciwon daji a dukkansu, ta kuma sami dalma a cikin 9. Ya kamata hukumominmu su yi irin wannan gwaji a kan wanda ke kasuwanninmu, su faɗa wa jama'a sakamako. Kafin nan, mata da yawa kan jiƙa shi a ruwa mai ɗan binega su shanya kafin a kitsa, don rage ƙaiƙayi. A ƙarshen aiki kuma za a tsoma jelar kitson a tafasasshen ruwa don ta kwanta. Nan sai ta natsu, ta ga an rufe mata wuya da kafaɗu da tawul mai kauri. Bayan ta koma gida ta yi hattara da murhu da risho, roba ba ta shiri da wuta.

Kada ƙarin ya wuce mako shida zuwa takwas a kai, kome tsadarsa. A riƙa wanke fatar kai, a bari ta bushe sosai kafin a ɗaura ɗankwali, in ba haka ba sai wari da amosani. Ranar tsifa za ta ga gashi ya cika mataji, kada ta firgita: mutum yakan zubar da sili 50 zuwa 100 kullum, su ne suka taru a cikin kitson. Abin dubawa shi ne goshi da gefen kunne. In ta ga sun yi fili, ta bar kan ya huta, ta nemi likitan fata kafin ta sake komawa kan kujerar.