Ƴan agajin kasuwa: sai an gwada akan san na ƙwarai



Kwanakin baya, a cikin shirinmu na rediyo inda masu saurare ke bugo waya, wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai ta kira mu. Ta ce tana cikin tuya da safe, ɗiyarta ƴar shekara 6 ta yi tuntuɓe ta bugi kasko, mai ya zubo mata a hannu da cinya. Nan take jama'a suka taru. Sai ga wani matashi sanye da rigar ƴan agaji ya ratso, ya ce a ba shi hanya, shi an yi masa horo. Kowa ya ja baya. Ya sa aka kawo ɗanyen ƙwai da man goge baki, ya shafe wurin, ya ɗaure da tsumma, ya ce a je gida. Sai da ciwon ya yi ruwa bayan kwana 3 aka kai yarinyar gidan likita. Uwar ta rufe maganarta da tambaya: "To ku gaya mani, mu talakawa wa za mu yarda da shi?"

Abin da ya kamata a yi wa yarinyar nan yana gefen uwarta cikin bokiti. Ƙuna ruwa mai sanyi take so, a yi ta kwarara mata har minti 20, ban da ƙanƙara. A cire zobe da awarwaro tun wurin bai kumbura ba, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a nufi likita. Ƙwai da man goge baki da toka da tumatir ƙwayoyin cuta kawai suke kai wa ciwo.

Ba mu ga laifin matashin nan sosai ba, niyyarsa taimako ce. Laifin yana ga irin horon da muka saba gani. A tara mutane kwana 2 ko 3 a wani zaure, malami ya yi ta bayani da Faransanci, a ci abinci, a raba kuɗin zama, a ɗauki hoto, a miƙa wa kowa takardar shaida da riga. Babu wanda aka ce ya durƙusa ya nuna da hannunsa abin da ya koya. Takardar nan shaidar zama ce kurum. Amma ranar tashin hankali, rigar ce ke sa jama'a su buɗa hanya, har mai dabara ta gaskiya ya yi shiru.

Kada wani ya ɗauka maganar ƙarama ce. A watan Mayu na 2019 wata motar dakon man fetur ta kama wuta kusa da filin jirgin saman Yamai, sama da mutum 55 suka rasu. A 2021 gobara ta ci azuzuwan zana a wata lakwal ta Yamai cikin Afrilu, yara 20 suka rasu, sannan a Nuwamba aka sake ganin irinta a Maraɗi, inda muka yi rashin yara sama da 20. Ambaliyar daminar 2024 ta ci rayuka fiye da 300 a faɗin ƙasa. A duk waɗannan masifu, wanda ya fara isa wurin maƙwabci ne, ko ɗan kabu-kabu, ko mai tebur. Sojojin kashe gobara suna nan a lamba 18, kuma suna ƙoƙarinsu. Sai dai ku da kanku kun san yadda tebura da amalanke suka cushe lungunan kasuwanninmu. In numfashin mutum ya tsaya, ƙwaƙwalwarsa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Wace mota ce za ta ratsa layin ƴan atamfa cikin minti 4?

Masu ba da horo muna da su. Ƙungiyar Croix-Rouge ta Nijar tana aiki tun 1963, kuma koyar da taimakon farko na cikin manyan ayyukanta. Ƙungiyoyin addini ma suna da ƴan agajinsu da muke gani a filin Idi da wuraren wa'azi. Kiranmu ga duk mai horar da mutane shi ne a kiyaye abubuwa 3.

Na farko, kada a ba kowa riga sai ya ci jarrabawa ta hannu. A kwantar da mutum-mutumin roba a gabansa, ya nuna danna ƙirji sau 30 da hura numfashi sau 2, cikin saurin danna 100 zuwa 120 a minti. Ya nuna yadda ake tsayar da jini ta hanyar danne ciwo da ƙyalle mai tsabta. Ya nuna yadda ake kwantar da wanda ya suma amma yana numfashi a gefensa, ba tare da an ɗura masa ruwa a baki ba. Ya nuna abin da zai yi wa yaron da gyaɗa ta shaƙe: bugu 5 a tsakanin kafaɗu, in bai fita ba a matsa ciki sau 5. A tambaye shi mai farfaɗiya, ya ce a kawar masa da wuta da ƙarfe, kada a cusa masa cokali a baki, kuma taɓa shi ba ya sa a ɗauki ciwon. Sannan ya san iyakarsa: ɗan agaji ba ya allura, ba ya rubuta magani, ba ya ɗora mai ciwon wuya a kan babur.

Na biyu, horon da jarrabawar su kasance da Hausa, ko Zabarmanci, ko duk harshen da mutum ke ji. Hajiyar da ke riƙe lissafin bashin mutum 50 a kanta ba za ta kasa riƙe 30 da 2 ba. In aka ce sai mai rubuta Faransanci, an kori mafi yawan matan kasuwa ke nan. Alhali mun san halinmu, in mace ta faɗi, maza da yawa tsayawa suke yi suna kallo saboda kunya. Mace ce za ta sassauta wa ƴar'uwarta zane ta danna mata ƙirji ba tare da wani ya ce uffan ba.

Na uku, takardar ta kasance mai wa'adi. Masu binciken wannan fanni sun daɗe da lura cewa iya danna ƙirji kan fara zubewa cikin ƴan watanni in ba a maimaitawa. Shi ya sa a Faransa ma'aikacin da ke riƙe da shaidar agaji a wurin aiki sai ya koma sabunta ta duk wata 24. Mu a nan muna ganin sau ɗaya a shekara ya fi. Ga ma rana a ajiye: Asabar ta biyu ta watan Satumba, ranar taimakon farko ta duniya. A fito da su tsakiyar kasuwa a gwada su a gaban jama'a, masu kallo ma su ƙaru.

Da muka kawo wannan shawara a rediyo, wani dattijo ya bugo ya ce: "Ƴaƴana, mutanen nan don Allah suke yi, ba a biyansu ko dala. In kun matsa masu da jarrabawa gudu za su yi." Baba yana da gaskiya ta wani ɓangare, don haka kada jarrabawar ta zama ta wulaƙanci. Wanda ya faɗi a sake nuna masa, ya dawo bayan mako 2. Amma ku ƴan kasuwa, ko yaron shagonku ba ku sakar masa aljihun tebur sai kun ga yadda yake ba da canji. Ta yaya za mu miƙa ran ɗanmu ga wanda ba a taɓa gwadawa ba? Mai yi don Allah shi ya fi kowa son ya iya.

Saura maganar kuɗi. In muka ce sai wata ƙungiyar waje ta zo da kuɗin zama, za mu daɗe muna jira. Tsarin Mata Masu Dubara da aka faro a jahar Maraɗi a 1991 ya nuna abin da zubin mako-mako ke iya yi. Kowane layi, na mahauta, na ƴan hatsi, na ƴan gwanjo, na masu abinci, ya zaɓi mutum 2, mace da namiji, waɗanda kullum suna kasuwa. Kowace rumfa ta zuba dala 5 a mako don akwatin bandeji da safar hannu da ladan mai horarwa. Shugabannin ƴan kasuwa su rubuta wa reshen Croix-Rouge na jaharsu su nemi horo mai jarrabawa. Ma'aikatar magajin gari, da ke karɓar kuɗin rumfa ba fashi, ta ba da wurin horo, ta kuma buɗe hanyar da motar agaji za ta bi. A liƙa sunayen waɗanda suka ci da lambar salularsu a ƙofar kasuwa, tare da ranar da aka gwada su.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yarinyar mai ƙosai ta warke, amma uwarta ta ce tabon ya janye mata yatsu 2. A taronku na gaba, alhaji, hajiya, ku tayar da wannan magana, ku tambayi masu rigar agajin layinku yaushe rabon da a gwada su. Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu, ya sa mu dace.