Tankin gidanmu da Dam ɗin Goronyo, ciwonsu ɗaya

1/ Hutun nan da na zo gida Wurno, kwana huɗu na yi a cikin tankin siminti na bayan gidanmu ina kwasar laka da bokiti. Har yanzu bayana bai daina ciwo ba. A cikin ramin nan wani tunani ya zo min, ku ɗan ba ni aron kunnuwanku.

2/ Baba ya gina tankin tun ba a haife ni ba. Da damina ya tara ruwan indararo, da rani a sayo a zuba. Muna yara in rana ta take mukan saci jiki mu faɗa iyo, Inna ta biyo mu da tsumagiya. Har maƙwabta nan suke ɗiba.

3/ Yanzu ya tsufa. Ƙasar wurin laka ce, da damina ta kumbura, da rani ta dare, bango ya bi ta ya tsage. Ka cika shi da yamma, da safe ka tarar ya sauka. Murfi ya karye, rana na shiga, gansakuka ta yi kore shar. Mako guda sai tsutsar sauro.

4/ Shekara uku da suka wuce magini ya ga tsagar tana siririya, ya ce rabin buhun siminti ya isa. Baba ya ce "bari dai in anka yi girbi." Girbi uku ke nan. Bana sai da aka kwashe ruwan duka, aka kankare, aka sake shafe, buhu biyar, ga kuɗin aiki.

5/ Abin da ya tada hankalin kowa ma ba kuɗin ba ne. Inna ce ta tarar da autarmu, 'yar shekara uku, tana leƙe a bakin murfin da ya karye. Yaya ya ce a cike ramin da ƙasa kowa ya huta. Inna ta ce to wa zai riƙa biyan 'yan ga-ruwa kullum? Duk sun yi gaskiya.

6/ To ku ɗauki tankin nan ku ninka shi. Dam ɗin Goronyo a kan kogin Rima an gama shi 1984, an ƙaddamar 1992, yana iya ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942. Da shi birnin Sakkwato ke sha, da shi ake noman rani a kwarin Rima.

7/ A 2018 Hukumar Raya Kogunan Sokoto-Rima ta sanar cewa ruwansa ya koma kusan kashi 10 cikin 100. Dalilan da aka bayar: ƙarancin ruwan sama da kuma yashi da laka da suka taru a ciki. Lakar nan ba dare ɗaya ta taru ba, kamar dai tamu.

8/ Nan gida ma ku tambayi manoman shinkafa da albasa da tafarnuwa yadda suka ji da ambaliya ta lalata madatsar Lugu. Ruwa na kusa, gona na ƙishi.

9/ Ra'ayina: mun iya gini, ba mu iya riƙo ba. Ranar buɗewa akwai makaɗa da masu hoto. Ranar yasa kuwa ba kowa sai mai shebur. Kuma ba gwamnati kaɗai ba, ai Baba ba gwamna ba ne.

10/ Wani zai ce talauci ne. Na yarda, wanda bai ci ya ƙoshi ba ba ya tunanin siminti. Amma wallahi talaka ne ya fi buƙatar gyara da wuri, don shi ne ba zai iya buhu biyar ba in rabin buhu ya wuce shi.

11/ Tun ran gini ran zane. Duk wanda zai yi rijiya, bohal ko dam, ya faɗa mana wa zai kula da shi, da wane kuɗi. Masu neman ƙuri'a mu yi masu wannan tambayar. Mu kuma matasa mu sa ranar gayya ta yashe magudanan gona kafin noman rani.

12/ Tankinmu dai ba a cike shi ba. An sa masa murfin ƙarfe da kwaɗo, makulli na hannun Inna. Kowane girbi za a ware tiya biyar ta shinkafa don shi. Ni kuma an ce yasa tawa ce duk hutu, tunda ni ne mai surutu. Ku a gidanku me ke jiran girbi?