Wasiƙa Ga Matasan Malaman Gona Na Gulbin Rima Masu Shirin Karatu A Ƙasashen Sifaniyanci

Ƙannena, malaman gona da masu koyon aikin ban ruwa a Wurno da Rabah da Goronyo.

A 'yan watannin nan mutum uku cikinku sun tare ni da magana guda, ɗaya ma a tsakiyar kasuwar Achida ya riƙe mini hannun riga. Kowanne ya ji ana musayar ɗalibai da jami'o'in da ke koyarwa da Sifaniyanci, yana son sanin ko tafiyar za ta amfani mai aikin fadama. Na taɓa yin wata huɗu a Sifaniya ina da ƙuruciya a wannan aiki, shi ya sa ake ganin ina da ta cewa. Maimakon in riƙa amsa muku ɗaiɗai a gindin bishiya, ga amsar a takarda, wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi.

Ƙofofin ba su da yawa, gara ku san su kafin wani ɗan kwamisho ya sayar muku da wadda babu. Tun 2015 shirin Erasmus+ na Tarayyar Turai yake ɗaukar ɗalibai daga wajen Turai su yi zango ɗaya ko biyu, amma sai jami'arku ta ƙulla yarjejeniya da ta can. Don haka tambayar farko a ofishin makarantarku za ku yi ta, ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ce ko kwalejin aikin gona ta Wurno, ba a shagon intanet ba. Tallafin nan na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da Gwamnatin Tarayya ta daɗe tana tura yara Kyuba da wasu ƙasashe da shi, Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da tsayar da shi a 2025. A Kosta Rika akwai Jami'ar EARTH, ta noma zalla, tana ɗaukar 'yan Afirka da tallafin gidauniyar Mastercard, sai dai wannan digiri ne na shekara huɗu, ba leƙawa a dawo ba. 'Yan mata kuma su nemi labarin gidauniyar Mujeres por África, wadda ke samar wa matan Afirka gurabe a jami'o'in Sifaniya.

To, a ce ƙofa ta buɗe. Abin da zan fi nanata muku shi ne harshe. Za a nuna muku darussan da ake yi da Ingilishi, ranku zai kwanta, ku ce an huta. Ni ma haka na yi, kuma wata biyu na farko na yi su kamar kurma a gidan biki. Malamin jami'a zai yi muku Ingilishi, amma abin da ke bakinsa yana cikin littafi, littafin kuwa kuna iya samunsa kuna zaune a Sakkwato. Tsohon da ke buɗe ƙofar magudana da asuba ba ya jin Ingilishi, shi ne kuwa ya riƙe abin da ya cancanci kuɗin jirgi. Malamin gonar da bai iya tsugunawa da manomi su yi hira ba, ku da kanku kun san sunan da ake kiransa da shi a ƙauyukanmu.

Harshen bai kai yadda ake tsoronsa ba. Wasulansa biyar ne, irin namu, kuma yadda aka rubuta haka ake karantawa. Wahalarsa na wajen aikatau, da ke sauya kama kamar hawainiya. Yawancin jami'o'i matakin B1 suke nema, takardar shaidar da aka fi sani kuma ita ce DELE ta Cibiyar Cervantes. Ku fara shekara guda kafin tafiya, ko da rabin awa ce bayan Isha'i. Wanda ya yi karatun zaure zai riƙa tsintar 'yan'uwa a hanya: magudanar ruwa acequia suke ce mata, daga saƙiya, tafkin tara ruwa alberca, daga birka, ƙaramar madatsa azud, daga sudd, shinkafa arroz. Shugaban gari alcalde ne, tushensu ɗaya da alƙalinmu. Har hattanmu tana can, sun mayar da ita hasta. Abin dariya, albasa da muka aro daga Larabawa su ba su ara ba, cebolla suke cewa, tafarnuwa kuma ajo. Waɗannan biyun ku fara haddacewa, don da su za a san daga inda kuka fito.

In an ba ku zaɓin gari, ku nemi Balansiya, wadda kuka sani da sunan Valencia a gidan kallon ƙwallo. Tana da jami'ar kimiyya da fasaha mai ƙarfi a fannin noma, tana da fadamar shinkafa a gefen tafkin Albufera, amma ba don waɗannan na ce ku je ba. Kowace Alhamis da ƙarfe goma sha biyu na rana, a bakin wata ƙofar babban cocin garin, manoma takwas sanye da baƙaƙen riguna suna zama a kan kujeru su yi shari'ar ruwa. Kowannensu wakilin magudana ɗaya ne cikin takwas da ke ɗibar ruwa daga kogin Turia, kuma manoman magudanar ne suka zaɓe shi daga cikinsu. Sharaɗi ne ya zama da hannunsa yake noma. Babu lauya, babu tarin takardu, babu ɗaukaka ƙara. Mai gadin magudana ya faɗi laifin: wane ya buɗe ruwa ba ranarsa ba, wane ya bar ruwa ya malale gonar maƙwabci, wane ya ƙi yashe rabonsa. Wanda ake ƙara ya kare kansa da bakinsa, a yanke hukunci nan take. Wakilin magudanar da mai laifin ya fito ba ya sa baki a hukuncin, don kada zumunta ta shiga. Mutanen garin na danganta asalin wannan zama da zamanin mulkin Musulmi a Andalus, dokar Sifaniya ta yau ta amince da hukuncinsa, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2009.

Ranar da na fara zuwa na ji haushi. Mai shela ya kira sunayen magudanan ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya fito da ƙara, cikin 'yan mintoci aka tashi, masu yawon buɗe ido suka watse da hotunansu. Kuma ashe ba ma da Sifaniyanci ake zaman ba, da harshen mutanen yankin ne. Sai daga baya, da bakina ya ɗan buɗe na fara bin wani mai gadi zagaye, na gane abin da na gani. Rigimar tana mutuwa tun a bakin magudana, domin kowa ya san Alhamis na zuwa, kuma ba mai son a kira sunansa a gaban jama'a. A can ruwa na bin ƙasa ne, ba a sayar da shi daban. In ya yi ƙaranci ana bi da bi, daga kai har wutsiya, wanda ruwa ya iso gonarsa ba ya nan sai ya jira zagaye na gaba. Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, da waɗannan manoma da na Mursiya da Alikante ta kafa hujja a littafinta na 1990, cewa talakawa na iya tsare dukiyar tarayya ba tare da gwamnati ta tsaya musu a ka ba.

Yanzu ku juyo gida. Madatsar Goronyo an gina ta ta ɗauki ruwa kubik mita miliyan 942, wato abin da ya isa ya shayar da mu har ya kai Birnin Kebbi. A watan Satumba na 2010 mun ga abin da yawansa ke yi, lokacin da ambaliya ta cinye ƙauyuka har ta yanke gadar shiga jami'a a Sakkwato. A ranin 2018 mun ga ƙarancinsa, har aka riƙa tafiya da ƙafa inda kwale-kwale ke bi. Mutanen Wurno kuma ba sai na tuna musu halin da suka shiga da lalacewar madatsar Lugu ba. Amma ko a shekarar da ruwa ya wadata, ku tambayi mai gona a wutsiyar magudana a Falaliya ko Takakume. Na sama ya toshe da buhun ƙasa cikin dare, wani ya jefa tiyon injinsa inda bai kamata ba, yashe magudana kowa na jiran hukuma. An kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya, abu ne mai kyau, sai dai ƙungiyar da shugabanta ba ya iya cin tarar ɗan'uwan mai unguwa sunanta kawai ƙungiya. Ba na cewa ku ɗauko baƙaƙen riguna ku kawo Goronyo. Muna da sarkin noma da dattawan fadama tun kafin a zuba siminti a Gulbin Rima. Ku dai zauna da masu gadin can ku yi musu tambayoyin da ba su cikin manhaja: wa ke biyanka, nawa ne tarar, ina kuɗin ke zuwa, me ake yi wa mai kuɗin da ya ƙi biya, yaya ake raba kwana in kogi ya ja baya.

Tabbas za a kai ku Almeriya, inda rumfunan leda suka rufe fiye da hekta 30,000, ana fitar da tumatir da tattasai zuwa ko'ina a Turai. Ku kalla, ku yi mamaki, amma kada ku dawo kuna wa manomin Gandi wa'azin rumfar leda. Can akwai banki mai ba da rance, da motocin sanyi, da kasuwar Jamus a ƙarshen titi, kuma duk da haka sun ja ruwan ƙasa har gishirin teku ya fara shiga wasu rijiyoyin. Ruwan samansu ma da sanyi yake sauka, namu da zafi, don haka kalandar shukarsu ba tamu ba ce. Abin da za ku iya ɗaukowa ƙanana ne, kamar shimfiɗa yashi a kan taki don ƙasa ta riƙe laima. Ɗan Wurno kuwa ya roƙi a kai shi Las Pedroñeras a lardin Kuwenka, garin tafarnuwa, ya ga yadda ƙungiyoyin manoma ke busarwa da tantancewa da adanawa su sayar lokacin da suka ga dama. Mu da muke asarar albasa a rudu kowace shekara, a nan darasinmu yake. Wanda ƙafarsa ta kai Latin Amurka, yanayin can ya fi kusa da namu: cibiyar CIAT a Palmira ta Kolombiya na aikin shinkafa da rogo da wake, CIMMYT a Meziko na aikin masara da alkama.

Maganar takardu a gurguje. Kafin ku tashi akwai yarjejeniyar darussa da ku da makarantarku da ta can za ku sa wa hannu. Zango ɗaya maki 30 ne a lissafinsu na ECTS, jarrabawa kuma daga 0 zuwa 10 ake auna ta, 5 ce tsira. Ku tabbata shugaban sashenku ya rubuta wane darasin can ne ke maye gurbin wane na nan, ku riƙe kwafi. Na san yaron da ya dawo da sakamako mai kyau aka sa shi maimaita zango, saboda wanda ya yi masa alkawari da baki ya bar kujerar. Zaman da ya wuce kwana 90 bizar karatu yake buƙata, takardun makaranta kuma sai an tantance su a Abuja an fassara, abin da ke cin makonni.

Abinci kuwa, naman alade na ɓuya inda ba ku zata ba, har cikin miyar wake da kayan fulawa. Ku haddace cerdo da jamón da tocino da manteca, ku nemi mahautan Maroko, kusan kowane gari akwai su. Ɗalibai na kiran malami da sunansa tsirara, kada ku ɗauka rashin tarbiyya ne, kada kuma ku dawo da shi gida. Mace da namiji na gaisawa da sumbar kumatu. Ɗora hannu a ƙirji da murmushi ya wadatar, in kun yi bayani sau ɗaya ba a sake tambaya. In hutu ya samu ku je Ƙurɗuba da Garnaɗa. Mai Ishiriniya, Alfazazi, haifaffen Ƙurɗuba ne. Alƙali Iyal mai Ashafa ya yi alƙalanci a Garnaɗa. Ibn Malik mai Alfiyya ɗan Jayyan ne, wadda suke kira Jaén. Ɗan Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance tun 1837 ba baƙo ne sosai a waɗannan tituna ba. A ɗakin karatu kuma ku tambayi littafin noma na Ibnul Awwam na Ishbiliya, an fassara shi zuwa Sifaniyanci tun 1802.

Na san halin da gabashin Sakkwato ke ciki, na san akwai gonakin da ba a iya zuwa, kuma wani zai raya a ransa ya ɓace in biza ta ƙare. Ya sani dai bayan shi akwai ƙannensa a layi, jami'ar da aka yi wa haka kuwa da wuya ta sake buɗe ƙofa.

Cikin jakarku, ban da yaji da kuka da rigar sanyi, ku sa zanen magudanarku da hannu, da sunan kowace ƙofa daga kai zuwa wutsiya. Ku sa lissafin rani guda: wa ya sami ruwa wace rana, man fetur na nawa injin ya sha a kadada ɗaya, buhu nawa aka ɗauka. Ku ɗauki hoton rudu da na fangalin albasa. Manomin can in ya ga naku sai ya buɗe muku nasa. Ranar Alhamis kuma ku isa bakin cocin tun sha ɗaya da rabi, ku tsaya gaba kusa da shingen ƙarfe, in an tashi kada ku bi masu hoto, ku bi mai gadin da takalminsa ke da laka.

A gaishe mini da mutanen Falaliya da na Lugu.

Yayanku a wannan aiki.