Taskar Littattafai: Bashin Da Mai Karatun Hausa Ya Ci A Barno

A cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a makon jiya akwai ta wani malamin makaranta daga Funtuwa, wanda ya tambaye ni cikin raha, wai me mutumin da ke zaune a Yerwa, tsakiyar Barebari, ya sani game da littattafan Hausa har da zai riƙa ba Hausawa shawarar abin da za su karanta. Malam, na gode da tambayarka, domin kuwa ka sosa mini inda ya daɗe yana yi mini ƙaiƙayi.

Da fari dai, ita kanta kalmar karatu ta nan gabas ta biyo kafin ta isa ƙasar Hausa. A cikin 1960 wani masanin harsuna na Amurka, Joseph Greenberg, ya yi rubutu inda ya nuna cewa kalmomin karatu da rubutu daga bakin Barebari Hausawa suka karɓe su. Haka nan gwani, wanda su suke ce wa goni, da tsangaya, wadda suke ce wa sangaya. Kowane Bahaushe ya san in aka ce almajiri ya tafi gabas ba sai an faɗi sunan gari ba, Barno ake nufi, kuma ba a sa ran ganinsa sai ya haddace Alƙur'ani, watakila ma har ya rubuta shi da ka. Saboda haka, Malam, in mutumin Yerwa ya sa baki a zancen littattafan Hausa, mai bin bashi ne ya leƙo ya ga yadda jarinsa yake.

Ni ma da allo na fara, kamar kowa, a gindin wata dalbejiya a unguwar Gwange. Da aka sa ni boko, littafin da ya fara hana ni barci shi ne Magana Jari Ce na marigayi Alhaji Abubakar Imam, wanda aka buga kashi uku tsakanin 1937 da 1939. A hasken fitilar ƙwai na karanta shi, har kananzir ya ƙare aka yi mini faɗa. Ba zan tsaya yabonsa ba, don yabon Magana Jari Ce a gaban Hausawa kamar kai goro Gwanja ne. Abin da zan ce kurum shi ne, yaro yana karanta shi don labaran, babba kuwa yana komawa gare shi don ya ga dabarar akun nan, wanda ya tsare ɗan sarki Musa a gida da baki kaɗai, ba sarƙa ba mari.

Amma in za a ce in ɗauki ɗaya tak daga cikin littattafan da gasar Zariya ta 1933 ta haifar, Shaihu Umar na marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa zan ɗauka. Ruwan Bagaja ya fi shi ban dariya, Ganɗoki ya fi shi hayaniya, amma babu wanda ya kai shi nauyi. Ƙaramin littafi ne, mutum ya iya gama shi tsakanin la'asar da lisha, sai dai uwar nan da ta bi sawun ɗanta har ita ma ta faɗa bauta, aka ƙetare sahara da ita, ba ta barin zuciyar mai karatu da wuri. Marubucin bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya bar Shaihu yana ba almajiransa labari a hankali, kamar mai ba da labarin wani, kuma wannan sanyin bakin shi ne ke sa abin ya yi ciwo.

Wanda ya gama Shaihu Umar, shawarata ita ce ya nemi labarin Dorugu, domin abin da Tafawa Ɓalewa ya ƙaga, shi Dorugu a jikinsa ya faru. Yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram, aka kama shi aka sayar, har ya faɗo Kukawa, babban birnin Barno na wancan zamani. A nan wani Bajamushe mai yawon bincike, Overweg, ya 'yanta shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya mutu a bakin tafkin Chadi cikin 1852, sai yaran suka bi abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, suka je Sakkwato da Tambutu, suka komo Kukawa, suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, har Ingila cikin 1855. A can Dorugu ya zauna ya ba wani ɗan mishan, J. F. Schön, labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi cikin littafin Magana Hausa a 1885. Mun saba karanta yadda Turawa suka gan mu. A nan kuwa yaron Hausa ne yake kallon Turawa, yana bayanin yadda suke zama cin abinci da irin al'adunsu, cikin mamaki da basira. Rubutun Schön na wancan zamani yana da ɗan wuyar bi, amma wanda ya daure shafi biyar zai saba.

To, yanzu ga inda gizo ke saƙa. Littafin da na fi komawa gare shi a 'yan shekarun nan ba da Hausa yake ba, alhali kuwa ya kamata a ce yana hannun kowane ɗalibin Hausa. Ina nufin tarihin yaƙe-yaƙen Mai Idris Alauma, wanda babban limaminsa, Imam Ahmad Ibn Furtu, ya rubuta da Larabci a birnin Ngazargamu. Kashi biyu ne. Na farko an rubuta shi cikin 1576, ya ƙunshi shekara goma sha biyu na farkon sarautar Mai Idris, na biyu kuwa cikin 1578, a kan yaƙe-yaƙen Kanem. Ku duba fa, shekara fiye da ɗari biyu ke nan kafin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wani malami a ƙasar nan ya zauna yana rubuta abin da ya faru a zamaninsa, gari gari, zango zango.

Liman Ahmad mutumin sarki ne, kuma bai ɓoye ba. Duk wanda ya ja da Mai Idris, a wurinsa ɓatacce ne, saboda haka sai a karanta shi da lura, kamar yadda ake sauraron maroƙi mai ilmi. Amma a tsakanin yabon akwai abubuwan da ba a samunsu a wani wuri. Ya faɗi yadda sarkin ya yi aikin hajji, da yadda ya samo 'yan bindiga Turkawa, da yadda ya sa aka gina masallatai na ƙasa a madadin na kara, da yadda ya sa aka sassaƙa manyan jirage don ƙetare kogi. Ya faɗi yadda aka kewaye garin Amsaka har aka ci shi. Har ma da Kano a ciki: ya ce rundunar Barno ta rushe garuruwa masu kafi da yawa a ƙasar Kano, amma Dala ta gagara. Na tabbata Kanawa za su so wannan shafi.

Yadda littafin ya kai ga masu karatun boko ma abin tunani ne. Barth ɗin nan, ubangidan Dorugu, shi ya samu kofe a Kukawa zamanin Shehu Umar, ya aika da shi Turai. Bature H. R. Palmer ya fassara kashi na farko da Turanci aka buga a Ikko cikin 1926, sa'an nan wani Bajamushe, Dierk Lange, ya sake fitar da shi da Larabcinsa da sabuwar fassara cikin 1987. Watau Bature a Landan ya daɗe da samun damar karanta labarin Mai Idris da harshensa. Ni kuwa na yi shekaru ina zaga masu shimfiɗa littattafai a bakin kasuwar Monday, ina samun Iliya Ɗan Maiƙarfi, ina samun littattafan soyayya na Kano tuli, ban taɓa cin karo da Ibn Furtu da Hausa ba. Sakkwatawa sun fi mu ƙoƙari a nan, domin an mai da Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa Hausa. Wannan littafi na 1812 shi ma ina roƙon kowa ya karanta, ko don wasiƙun da aka yi musaya tsakanin Bello da Shehu Muhammadul Aminu Elkanemi a kan dalilin yaƙar Barno. Bello ya sa hujjojin abokin jayayyarsa a cikin littafinsa, sa'an nan ya amsa. Malamai biyu ke nan, kowa da rundunarsa a bayansa, amma suka ga ya kamata a yi ta da alƙalami kuma.

Abin da ya sa na matsa a kan wannan magana yanzu shi ne ruwa. An ce Mai Idris ya samu laƙabin Alauma ne don an binne shi a Alau, kudu da Yerwa kaɗan. Madatsar ruwan da ke wannan wuri ce ta ɓalle ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya shigo gari da dare, ya mamaye Gwange da kasuwar Monday, har fadar Shehu. An yi hasarar rayuka da dukiya, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Littattafaina na ɗab'i da ruwan ya taɓa sun kumbura, sun yi tabo, amma yawancinsu suna karantuwa, wanda ya lalace kuma ana iya sayen wani. Na wani dattijo maƙwabcina fa? Gafaka uku ya gada daga kakansa, duk rubutun hannu. Irin waɗannan littattafai ba a ɗinke su, warƙa warƙa suke, kalma guda ce a ƙasan shafi take nuna wanda ke biye. Na same shi ya baza su a tabarma yana shanyawa, tawada ta narke a wasu, wasu sun manne, yana ɗaga warƙa yana neman 'yar'uwarta. Babu kofensu a Landan, babu a Zariya.

Saboda haka ina da roƙo biyu. Na farko ga malamanmu na Larabci da Hausa da tarihi a Jami'ar Maiduguri da ta Bayero da ta Ahmadu Bello: a samu mutum biyu ko uku su zauna su mai da Ibn Furtu zuwa Hausa mai sauƙi, da Barbarci in da hali, a buga shi ƙarami mai araha yadda ɗan sakandare zai iya saye. Littafin ba shi da tsawo, aikin shekara guda ne ga wanda ya sa kansa. Na biyu ga masu gafaka a cikin gidaje, a Yerwa da Dikwa da Kukawa da Gaidam: wayar da ke aljihun jikanku tana ɗaukar hoto. A sa shi ya ɗauki kowace warƙa, gaba da baya, bi da bi, a ajiye hotunan a wuri fiye da ɗaya, tun kafin wata damina.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba The Stillborn na Zaynab Alkali, 'yar ƙasar Biu, wanda ya fito cikin 1984.