Labaran Masoya Superman Da Batman: Ya Kamata Hukumar Haƙƙin Mallaka Ta Fayyace Matsayinta

A shekarar 1938 ne wasu samari biyu daga birnin Cleveland na Amurka, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka sayar da haƙƙin Superman a kan dala 130. Daga baya sun sha zaryar kotu suna neman a maido musu da abin da suka ƙirƙira. Tun lokacin ake jayayya kan mai jarumi: wanda ya zana shi ne, ko kamfanin da ya saya, ko kuwa masu karatun da suka raya sunansa?

Yanzu masu karatun sun ɗauki alƙalami da kansu. A shafin Archive of Our Own, wanda wata ƙungiyar sa-kai ke gudanarwa, akwai dubban ɗaruruwan labarai da masoya suka rubuta kan jaruman Marvel da DC, ba tare da karɓar ko sisi ba. A 2019 shafin ya lashe kyautar Hugo, wadda ake ji da ita a fagen ƙagaggun labaran kimiyya. Dambe da rushe-rushen gine-gine ba su cika damun waɗannan marubuta ba. Zumunci suke bi: zaman Batman da marayun da ya rena, gabar Thor da ɗan'uwansa Loki, makokin Shuri bayan rasuwar yayanta T'Challa. Fim kan ba irin waɗannan abubuwa minti biyu, su kuma su cika babi talatin da su.

Ara a gina a kai ba baƙon abu ba ne ga mai karanta Hausa. Abubakar Imam ya ɗebo da dama daga labaran Magana Jari Ce daga tatsuniyoyin Larabawa da na Turai, ya sa musu rigar gida, kuma har gobe ana karantar da littafin a makarantu.

Abin da ya shafi Abuja a nan shi ne Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Maris na 2023. Sashe na 20 ya halatta amfani da aikin wani bisa adalci, har da kwaikwayon salo, shaguɓe da barkwanci. Sai dai dokar ta kuma bai wa mai haƙƙi damar neman a sauke abu daga intanet, ta bai wa Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ikon toshe shafin da take ganin yana keta haƙƙi. Ɗalibar da ta rubuta labarin Shuri a Wattpad tana tsakanin waɗannan tanade-tanade biyu, kuma ba ta da lauyan da zai gaya mata wanne ne ya hau kanta. Takardar jagora mai shafi kaɗan daga hukumar za ta wadatar: a bayyana cewa rubutun da ba na kasuwanci ba, wanda ya ambaci asalin mai jarumi, yana cikin kariya, wanda kuwa aka sa wa farashi sai da izini.

Akwai ɓangaren da ba a ɓoye shi. Wasu labaran na batsa ne tsantsa, wasu kuma suna mayar da abotar Captain America da Bucky Barnes soyayya, abin da mafi yawan iyaye a ƙasar nan ba za su so 'ya'yansu su karanta ba. Damuwar tana da tushe. Amma ba aikin dokar haƙƙin mallaka ba ne tace tarbiyya, kuma duk jami'in da ya ari ikon toshewa don wannan manufa ya buɗe ƙofar da wani zai bi gobe ya rufe bakin mai suka. China ta toshe Archive of Our Own a Fabrairun 2020 bayan rikicin masoya wani ɗan wasa, mai laifi da marar laifi duka suka rasa shafin. Najeriya ma ta ɗanɗana irin wannan lokacin da aka dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, jama'a suka koma shiga ta bayan gida da manhajar VPN.

Nan gaba kaɗan ƙorafin zai daina zama na kamfanonin Amurka kawai. Comic Republic da ke Legas yana da nasa jarumin, Guardian Prime, labarin Iyanu na Roye Okupe kuma ya zama shirin zane mai motsi a 2025. Ranar da matasan Kano ko Inugu suka fara rubuta wa waɗannan jarumai sababbin babuka, mai ƙara da wanda ake ƙara duk 'yan ƙasa ne, kuma teburin hukumar takardar za ta fara sauka.