Waiwaye: Bikin da ke jiran kasafi

Tun kafin a san rumfar manyan baƙi a bakin kogin Matan Fada na Argungu, Kabawa suna da lissafinsu na shekara, kuma ruwa ne ke yanke shi. Akwai guraben da ake hana su a cikinsu har kifi ya hayayyafa. Sai Sarkin Ruwa ya yi gyaran ruwa, sannan a yi fashin ruwa, kowa ya rungumi gorarsa da komarsa ya faɗa. Ba sai an yi shela daga ofis ba. Masunci ya dubi yadda ruwa ya ja baya, ya san lokaci ya yi.

A 1934 ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da gagarumin su. Ba ƙaramin abu ba ne, in aka tuna gabar da ke tsakanin Kabi da Sakkwato tun faɗuwar Birnin Kebbi a 1805. Daga nan biki ya yi ta bunƙasa, gwamnati ta karɓe shi, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016.

To amma fa a lokacin da aka ba shi wannan lambar, bikin yana kwance. Tun bayan na 2009 ba a sake yi ba sai a watan Maris na 2020.

A waɗannan shekarun cika-ciki bai taɓa fashi ba. Tsohuwa a Birnin Kebbi ta ciro wutsiyar ragon layya da ta yi wata guda tana shan hayaƙi a saman murhu, ta jefa a miya, taubasai suna bin juna kuɗin shara. Azumi na kwana goma yara su fito tashe, da gemun auduga da tulun ciki na tsumma. Wa ya ba su kwangila? Al'adar da ke ɗaure da ganin wata tana cikin aljihun kowa, wadda kuwa aka miƙa wa kwamiti sai ta jira sa hannu.

Ban ce a kori gwamnati daga Matan Fada ba, tsaro da masaukin baƙi sun fi ƙarfin masunta. Amma yaron da ke da shekara 10 a 2009 sai da ya kai 21 kafin ya sake ganin an ɗora giwan ruwa a sikeli gaban sarki.